Littafin da Ya Hana Inna Aikin Ido

Jajaye, ta Rogo.

Zuwa ga ɗana Bahauddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikinka, ya ba ku haƙurin ruwan saman garin nan da aka ce ba ya gajiya. Mu nan sai godiya. An cire gyaɗa, ta yi kyau ba laifi, dawa ma ta kusa. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haifi mace. Ƙafar mamanka ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa da cikakken ƙarfinta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ubanka a aji biyar ya tsaya, shi ma malamai ne suka gaji da ganina suka riƙa tura ni gaba. Ban kira ka a waya ba saboda kakarka Inna Hajo. Tun da idonta ya yi rauni kunnenta ya ƙara kaifi, ko a bayan rumbu na yi raɗa sai ta ji. Shi ya sa na ba Muntaka direban motar shanu ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar littattafan da ka aiko wa ƙanwarka Bahijja ce, na ƙagaggun labaran kimiyyar nan, waɗanda ni nake kira labarin mutanen gobe. Ka ce ta fara da tsofaffin sannan ta shiga sababbin, kuma haka ta yi. Da muka zauna ɓarar gyaɗa a tsakar gida bayan azahar, sai ta riƙa karantawa tana juya mana da Hausa, in Inna ba ta gane ba ta ƙara mata da Fulatanci. Tsohon nan mai takarda ja-ja, na mutanen da suka tafi noma wata duniya mai rana biyu, ya ba mu dariya sosai. Na ce Allah ya raba ni da yin azumi a can, ɗaya ta faɗi ɗaya ta fito, sai dai a sha ruwa a lahira. Na mutum-mutumin ƙarfen da aka ba kiwon tumaki ma na yaba, ko da yake da a nan ne, kafin la'asar 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli. Tsofaffin ba su da laifi, ƙaryarsu a fili take, ka ji ka yi dariya ka tashi.

Sabon nan mai baƙin bango shi ya jawo mana abin da muke ciki. Labarin matar da ta makance, wani kamfani ya sa mata idon da ya ƙera. Ta koma gani, amma duk abin da ta kalla su ma suna kallo daga ofishinsu, kuma ran da suka ga dama su kashe idon kamar fitila. Ka san yanar da ke idon Inna. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma inuwa kawai yake gani. Likitocin ido da suka zo Karaye sun duba ta, sun ce aikin ba wuya, za a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a ciki. Ta amince, har ta sa an wanke mata zanen fita. Ranar da Bahijja ta kai wurin kashe idon nan, Inna ta ture tiren gyaɗa ta ce ita an gama, ba mai sa mata gilashin kowa. Ta ce ita da ko surukinta bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali, ba za ta tsufa wasu ƙarti su zauna a ofis suna kallon ɗakinta da makewayinta ba.

Na ce mata ai ƙagen Turawa ne, tatsuniya ce. Sai ta ɗaure ni da hujjar da har yau ban kwance ba. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa jin an yi tatsuniya da rana tsaka ba. Ta ce ba ta ji Bahijja ta buɗe da gatanan gatanan ku ba, ba wanda ya amsa mata kuma. Sannan abin a littafi yake, mai bango, an ɗinke shi, kuma ita duk littafin da ta sani a duniya na malamai ne, ba a zama a ɓata tawada a kan ƙarya. Ta ƙara da cewa lokacin da aka ce mata za a yi wayar da mutum zai ga fuskar na nesa, ni ne na fi kowa dariya, yau ga ta a aljihuna. Na kawo mata Malam Suhaibu limami, ya yi bayani mai kyau, ta saurara da ladabi, ta sa aka dama masa fura, da ya fita ta ce shi ma ai bai karanta littafin ba.

Ina wasa ne don haka Allah ya yi ni, amma wallahi tsoro nake ji. Ran Talata mamanka ta shiga ɗakin Inna ta tarar da ita riƙe da kwalbar maganin kaskar shanu, ta buɗe, tana neman cokali, ta ɗauka maganin tarinta ne. Da mamanka ta tsaya ɗaura ɗankwali kafin ta shiga, da wata takardar ce za ta same ka ba wannan ba. Na kwashe duk wata kwalba na kai zaure, na rufe bakin rijiya da kwano da dutse, amma gida ba ya ƙarewa da abin da zai cuci wanda ba ya gani. Ga wuta, ga turmi, ga shanu. Likitocin kuma sun ce in suka gama zagayen nan sai baɗi, kuma idon dama ba lalle ya jira su ba.

Da haushi na ƙwace littafin na ɓoye a buhun dawa, saura kaɗan a gama shi. Sai Inna ta ce a dawo da shi, ba za ta yanke magana ba sai ta ji yadda matar ta ƙare. Na ɗauko na buɗe shafin ƙarshe don in riga ta sani. Na yi gumi a kansa har kaji suka fara shiga akurki, abin da na tsinta shi ne akwai mata, akwai ƙofa, akwai wani da ya ce a'a. Na roƙi Bahijja ta duba, in ƙarshen ba daɗi ta gyara shi a baki. Ta ce ita ba ta leƙa ƙarshen littafi, kuma ba za ta yi wa kakarta ƙarya ba. Tarbiyyar da na ba ta ce ta tashi ta kama ni.

To kai ka riga ka karanta shi. Ka gaya mini gaskiya ta hannun Muntaka, yaya matar ta ƙare? In da alheri, mu karanta mata. In ba alheri, ka duba cikin tarin naka, tsoho ko sabo, ka zaɓo mana wanda aka gyara wa mutum jiki da na'ura ya koma gidansa lafiya, ba mai leƙensa, ya ga jikokinsa. Ba zai yiwu a ce duk marubutan nan ba wanda uwarsa ta taɓa zuwa asibiti ta dawo da dariya ba. Ka haɗo shi da sauri, mai bango mai kauri, don ta fi yarda da masu kauri.

Mamanka tana gaishe ka, da Bahijja, da baffanka Abdullahi na Rogo Ruma. Ka gaida mai ɗakinka Zaituna, ka shafa mini kan Lukumanu. Inna ta ce a gaida mijinta na Fatakwal da ya aiko mata da tashin hankali maimakon atamfa. Ɗazu kuma, ina cikin rubutun nan, na ji ta kira Bahijja ta tambaye ta ƙasa-ƙasa, wai matar nan, kafin a kashe mata idon, ta samu ta ga fuskar 'ya'yanta? Bahijja ta ce ta gani, har da ƙaramin da aka haifa tana makauniya. Inna tana nan zaune a bakin ƙofa, gyaɗa a cinyarta, ba ta ɓare ko ɗaya ba. Ni ma na kasa tashi in tambaye ta.

Kada ka yi jinkiri, don Allah.

Ni ne mahaifinka,
Abdulmutalib Jajaye.