Inda Sabuwar Ƙodar Take

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau.

Kin san an tura ni ɗakin masu dashen ƙoda. Akwai wani tela da aka yi wa dashe makon jiya, ƙanwarsa ce ta ba shi tata. Ashe mijinta bai amince ba, yana can wajen aiki aka yi. Jiya lokacin shigowar masu dubiya ya faɗo ɗakin, ya fizgi ƙarfen da muke rataya ledar ƙarin ruwa, yana ihu: "Fito min da kayan matata, ɓarawo!" Nas ta tare shi, ya fasa mata goshi. Jini har kan rigata.

Uwar telan na gefen gado, mace mai jiki. Ta ga ƙugun ɗanta yake nema, sai ta kife yaron rub da ciki, ta kwanta a bayansa da duk nauyinta. Duka ya yi ta sauka a kanta. Da kunnena na ji ƙarar karyewar hannunta, ba ta ɗaga ba, sai zaginsa take: "Daki, matsoraci, ni na haife su duka biyun!" Da ƙyar masu gadi suka danne shi.

Kowa yaba mata yake. Amma Yaya, ƙodar dashe ba a baya ake sa ta ba. A gaba ake ɗinke ta, ƙasan mara ta dama, kusa da fata. Daidai wurin ya hau ƙarfen gefen gado. Na yi ta ihu a juya shi, ba wanda ya ji ni.

Yanzu fitsarin telan ya tsaya, jininsa sai hawa yake. Hoto ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe ƙodar, yana matse ta. Idan ba a kwashe ba za ta mutu. Babban likita ya ce in wanke hannu in biyo shi ɗakin tiyata. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, na gode da kiran da kika yi. A gaida Inna, kada a ba ta labarin ƙarfen nan.

An kwashe jinin. Fitsari ya dawo, da farko ja, yanzu ya washe. Gwaji ya nuna ƙodar ta rayu, amma ba za ta koma ƙarfinta na da ba, kuma telan zai daɗe yana shan maganin hawan jini. Mijin yana hannun 'yan sanda.

Tsohuwar tana yawo da hannu a ɗaure, tana ba kowa labari. Da ta hango ni sai ta ce: "Ga 'yar likita mai ihu!" Na yi niyyar in bar ta da farin cikinta. Sai ɗazu na same ta tana jera filo, tana ƙoƙarin kife ɗanta. Ta ce min ko gida suka koma rub da ciki zai riƙa kwana, kada katifa ta danne musu ƙodar.

Na kama hannunta mai lafiya, na ɗage rigarsa, na aza tafinta a hankali kusa da ɗinkin. Na ce: "Baba, nan take."

 Ta dubi ƙarfen gadon, ta dube ni. Ta ce: "Ranar nan, a kanta na kwantar da shi?"

Na ce mata e. Na kuma ce da ba ta rufe shi ba, ƙarfen ƙarin ruwan a kansa zai sauka. Duka biyun gaskiya ne, na tabbatar kafin in faɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta zare filon ɗaya bayan ɗaya, ta gyara masa kwanciya rigingine, ta ja kujera ta zauna ta gefen dama.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta