Kyamarar da ke Saman Firij

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? 'Yata fa, tana nan da tsotsar yatsa? Ni lafiya lau, barci ne dai sai a hankali.

Kin yi ƙorafin ina katse kiranki. Ga dalili. Matar da nake wa raino 'yar majalisa ce, kullum faɗanta kada a bai wa hukuma damar sauraren wayoyin mutane. Kwanakin baya ina guga a kicin tana gwada jawabinta: "Wanda ya rufe ƙofarsa, kada ido ya bi shi ciki!" Wallahi har na ajiye dutsen guga na tafa mata.

Ina ɗaga kai sai ga kyamara a saman firij tana kallona. Akwai wata a falo, wata a ɗakin jariri. Banɗaki kaɗai aka bari. Da na yi magana, dariya ta yi: "Ai don yaron ne, ba don ke ba." To ni da yaron ɗakinmu ɗaya! Ko ɗankwali ba na cirewa.

Kada Inna ta ji. Matar ba ta taɓa yi mini tsawa ba. Amma ranar da muryar 'yata a waya ta sa ni kuka, matar na dawowa daga aiki ta ce, "Me ya same ki da ƙarfe uku?"

Allah ya bar zumunci. In kin kira, ki bar wayar ta yi ta ƙara. Banɗakin da ɗan nisa.

Ƙanwarki