Ruwan Alwalar Baba Maigadi

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da dukkan masu karatu. Ina gajiya, ina aiki, ya iyali? Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikacin wuta ne a wata ƙaramar tashar awo da ke cikin gonakin rani tsakanin Talata Mafara da Bakura. Akwai wasu ƙananan na'urori da aka binne cikin gonakin alkama, suna auna yadda ruwa ke tasowa ƙarƙashin ƙasa. Kowace tana aiko da 'yar wuta ta waya zuwa babbar na'ura a ɗakinmu, ita kuma ta buga lambobi a takarda. Wutar nan ƙarama ce ƙwarai, ko ƙwan tocila ba za ta kunna ba, shi ya sa abu kaɗan ke rikita ta. Dole sai an haɗa babbar na'urar da sandar tagulla da aka kafa can cikin ƙasa mai danshi. Ni aka ba aikin kafa sandar. Ranar, ƙasa ta yi tauri kamar dutse, rana ta dake ni, na buga na buga ta ƙi shiga, sai na waiga ba kowa, na sa zarto na yanke rabinta na rufe. Wa ya gani? Kuma na'ura ta yi ta aiki lafiya lau har na manta.

Muna da maigadi, wani dattijo mutumin Maradun wanda ruwan dam ya cinye gonarsa, wannan gadin ne kaɗai abin da yake ci da iyalinsa. Kullum a gindin bangon ɗakin na'ura yake alwala, sau biyar, wurin ya zama taɓo. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi. Ran nan santsi ya kwashe ni a gaban manoma, suka yi dariya, na tashi na zazzage masa rashin kunya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi ya yi zahi haka? Inuwa ce na biyo." Na ce ya kwashe butarsa ya koma can gindin bishiyar bedi. Ya ɗauki buzunsa ya tafi.

Ba a yi kwana goma ba na'ura ta haukace. Lamba ta hau, ta sauka, wani lokaci ta buga sifili alhali gona cike take da ruwa. Innalillahi! Na canja batir, na kankare bakin kowace waya, na bi layi cikin kunya-kunya da ƙafata ko ɓera ya ci, na je har Mafara na aro mitar awon wuta wajen wani abokina. Manyan awo daidai suke fitowa, ƙananan ne suka ƙi zama wuri ɗaya. Da injiniyanmu ya zo ya ga takardun, ya daka mini tsawa: "Kai ne ba ka san aikinka ba, ko wani ke taɓa wayoyin nan?" Jama'a, sai na ji bakina yana cewa, "Yallaɓai, na sha ganin maigadi yana kewaya bayan ɗakin, kuma ka san tagulla tana da masu so." Wallahi ban taɓa ganin ya taɓa ko da ƙusa ba. Nan take aka dakatar da shi. Da zai tafi ya tsaya a gabana ya ce, "Ni ɓarawo, ɗana? Da hurhurata?" Na sunkuyar da kai kamar ina duba mita.

Kwana uku da tafiyarsa abin bai gyaru ba. Ranar ta huɗu azahar ta yi, zafi ya hana ni zuwa gindin bedi, sai na tsuguna a inuwar bangon nan na yi alwala, na juye sauran ruwan buta a wurin. Ina shiga ɗaki na ga lambobi sun fara natsuwa. Na fita da gudu na kwara bokiti guda, na dawo, sai ga su sun tsaya cak. Nan na zauna a ƙasa dirshan. Ashe daidai wurin ne guntuwar sandata take! Ashe duk tsawon lokacin nan ruwan alwalar bawan Allah ne ke jiƙa ƙasar yana rufa mini asiri, ni kuma na kore shi, na ɗora masa sata.

Yanzu kullum ina kwara ruwa a ɓoye, na'ura na aiki. Jiya injiniya ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Ka gani? Tun da tsohon nan ya tafi komai ya daidaita." Wato gyaran da nake yi shi ne ya zama shaida a kansa. Idan na daina zuba ruwa, za a tono sanda a ga yankan zartona. Idan na ci gaba, ya tabbata ɓarawo. Na ji an ce ko sahun gaba ya daina shiga a masallacin ƙauyensu saboda kunya. Abinci ba ya mini daɗi, alwala kuwa da na ɗauki buta sai na tuna da shi.

Ranar Alhamis mai zuwa za a zauna a kan maganarsa, kuma ni ne shaida. Ina da mata da 'ya'ya, ina tsoron kora, ba zan ɓoye muku ba. Amma shekaranjiya na haɗu da shi a kasuwar Talata, na yi niyyar kauce masa, sai shi ya fara miƙo mini hannu, ya ce, "Ɗana, injin naka ya samu lahiya?"

Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?