Ɗacin Anza

Gangara, daren Laraba

Gero ya ƙare a rumbu, yau Inna ta koya mana gyaran 'ya'yan itacen anza da muka tsinko a daji don mu ci. Ƙanwata Rabi kallo kawai ta yi, ta iya. Ni kuwa tun ina karatu a lakol sai an faɗa mini da baki nake ganewa.

Na ce, "Inna, kwana nawa ake jiƙa ta kafin dafin ya fita?"

Ta ce, "Ɗiyata, ban taɓa ƙirgawa ba. Ɗanɗana."

Ta ba ni jiƙon jiya, ta ba ni wanda ya daɗe a ruwa. Wallahi duk ɗaci na ji.

Gobe Inna da Rabi za su bi Kawu Najeriya, su bar ni da yarana. Yarana kuma duk abin da na miƙa musu haɗiyewa suke, ba sa tambaya.