Mai Ɗori Ba Ya Ba Da Takarda

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ladabtar da Ɗalibai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ɗalibinku ne da ya gama bana, shaidar kammalawata ma tana hannunku. Mahaifiyata ta roƙe ni in yi shiru har sai na karɓa, na kasa. Ina rubutu ne a kan Nafi'u, ɗan kawuna daga Kashin Zama, ɗalibin ajin ƙarshe, wanda kwamitinka ya ba da shawarar a kora.

Na ɗaya. Wata ɗaliba ta kai ƙara cewa ya tare ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje ya taɓa jikinta. Ba na wurin, saboda haka ba zan ce ta yi ƙarya ba, ba kuma zan ambaci sunanta ba. Ɗiyar mutane ce, tana da haƙƙin a bi mata kadi.

Na biyu. Wannan kam da idona na gani. Bayan la'asar wasu ɗalibai suka jawo shi daga ɗakin kwanansa suka kayar a tsakar gida. Da bel suka fara, sannan wayar wuta, sannan wani ya zaro ƙarfen gado. Ya sauke masa a cinya, na ji ƙarar ƙashin daga inda aka riƙe ni. Na biyun a muƙamuƙi ya same shi. Yana tofar da jini da haƙori, wani ya take masa wuya, aka kunna wayar hannu ana ɗaukar hoton bidiyo, aka ce ya amsa laifinsa. Ya ɗaga kai. Wannan ɗaga kan ne kwamitinka ya karɓa a matsayin iƙirari. Wanda ya riƙe ƙarfen kuwa, an shaida mini ya zauna gabanku ya ba da shaida. Wannan ji na yi, ban gani ba.

Na uku. Kawu ya zo da motar da ke ɗaukar masa albasa, muka shimfiɗa Nafi'u a kan buhuna. Bai yi shawara da kowa ba ya nufi wurin masu ɗori a Aliero, domin duk wanda ya karye a gidanmu can ake kai shi tun zamanin kakanni. Ko ni da na yi boko ban kawo asibiti a raina ba. Da kuka sa ranar zama, na je na faɗa wa sakatarenka halin da ake ciki. Ya ce sai da takardar likita. Mai ɗori ba ya ba da takarda, ranka ya daɗe. Karare yake ɗaurawa da tsumma, ya yi addu'a. Sai aka rubuta cewa Nafi'u ya ƙi amsa kira.

Na huɗu. Wani lauya a Jega ya yarda ya tsaya masa kyauta. A bakin ƙofa aka mayar da shi, wai ƙa'ida ta ce ɗalibi da bakinsa zai kare kansa. Bakin nan a ɗaure yake. Kunu ma da cokali ake ɗura masa ta gefe.

Yanzu waɗanda suka dake shi sun aiko cewa sun san gidan da yake kwance. Kawu, dattijon da ban taɓa jin ya zagi kowa ba, da adda yake zama a ƙofar ɗakin. Ina tsoron abin da za su yi, ina kuma tsoron abin da shi zai yi.

Roƙona: kada a zartar da korar sai an ji ta bakinsa. A bar lauyansa ya shiga, ita ma ɗalibar a ba ta mai tsaya mata. A cire hoton nan daga cikin hujjoji, a kira waɗanda fuskokinsu suka fito a ciki. Idan kuna shakkar karayar, ku turo likitanku Aliero, ni zan nuna masa ɗakin. Hannun Nafi'u na dama lafiya yake, zai iya amsa tambayoyinku a rubuce. In an saurare shi laifin ya tabbata, ku kore shi, ni da kaina zan zo in kwashe kayansa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare 'ya'yanka maza da mata daga ranar da za a yanke musu hukunci ba su nan.

Wassalam.

Naka,
Shamsu Dangamaji