Wa Zai Hau Bayana Ran Asabar

Daren Alhamis, unguwar Zongo

Yau na kira majalisar ƙoli ta gidan nan, a matsayina na shugabanta na dindindin, domin tsara tafiyarmu ta Asabar zuwa filin wasa mai lilo da jirgin ƙasan yara. Na gabatar da tsarin da muka saba tun zamanin marigayiya uwarsu: moto ɗaya, Auta a kan tanki, ni a tsakiya, sauran a baya, kowa rungume da na gabansa.

Hamza ya ce, “Baba, ai yanzu ina da nawa moto.” Rakiya ta ce ƙawayenta na unguwar Dassasgho za su biyo mata. Na juya ga Auta, talakana na ƙarshe. Bai ɗago kai ba ya ce, “Bayan Yaya zan hau, Baba. Ƙafafuna sun yi wa tanki tsawo.”

Na auna da ido, gaskiyarsa ce. Majalisa ta tashi ba ƙuri’a, aka ɗora mini ɗaukar kular zoɓo. Ɗazu na fita tsakar gida na gwada ɗaure ta a bayana. Ta zauna daram, sai dai ba ta iya riƙe rigar mutum in za a sha kwana.