Tulun Nutson da Muka Sayo ta Waya

Litinin, 6 Janairu 2025

Hakim ya dawo daga Gaya bai sayo komai ba. Shekara huɗu ke nan yana shiga rijiyoyin lambu, daga Dumega har Ɗan Kassari. In famfon sola ya tsinke ya faɗa ruwa shi ake kira, ya ja numfashi, ya nutsa, ya ɗaura masa igiya. Yanzu ya ce ƙirji kaɗai ba ya isa, yana son tulun iska da gilashin fuska irin na masu nutso. Shago ɗaya ya sani, na wani Ma'azu, tsohon ɗan kwana-kwana, a bakin kogi. Tsohon ya ƙi sayar masa. Wai sai ya zauna wurinsa kwana goma ya koya tukuna.

Na tambayi asalin mutumin. Ɗan Lugu ne, garin masu tsafi. Hakim da bakinsa ya ce akwai layu a damtsensa, kuma ya ga ya watsa wani abu a ruwa kafin su shiga jirgi. Na ce a'a. Ban yi renon ɗa shekara ashirin da bakwai ba don ya je ya kwana goma gidan da ake yi wa doguwa yanka. Ya ce, "Inna, nutso zan koyo, ba addini ba." Haka kowa ke cewa da farko.

Alhamis, 9 Janairu

Nusaiba, ƙanwar Hakim, ta nemo tulu a waya. Yarinyar nan da za ta riƙe Alƙur'ani yadda take riƙe wayar nan, da ta sauke sau biyu. Amma yau ta yi amfani. Tulu ne ƙarami, bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, da famfonsa na hannu kamar na keke. Mun kalli bidiyon sau uku: wani bature a ruwa garau, kifi na wucewa. An rubuta iskarsa tana kai minti goma. Hakim ya ce minti uku ma sun ishe shi, amma ya yi ta juya wayar, wai ba a taɓa abin ba, ba a ga mai shi ba. Na ce kaya kake so ko fuskar mai kaya? Ka saya, a kawo maka har tasha, ba ka ci abincin kowa ba, ba ka durƙusa wa kowa ba.

Ya saya. Ni na ce ya saya.

Asabar, 11 Janairu

Karatun mata ya yi kyau. Mun kai babin tsarki. Biyu sun makara, na faɗa musu a gaban kowa, don gobe.

Laraba, 22 Janairu

Kwali ya iso. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Takardar ciki da Sinanci da Ingilishi, babu Faransanci ko layi ɗaya, ɗan Ingilishin da na yi a kolej kuwa ya tafi tuni. Mun bi hotuna. Hakim da Luƙman, abokin aikinsa mai riƙe masa igiya, suka yi ta buga famfon bi da bi har suka jiƙe da gumi kafin allurar ma'aunin iska ta kai kore. Ya gwada a cikin tano, gangar ruwan wanki, kai a ƙasa, ƙafafu a waje. Nusaiba ta yi dariya har na tsawata mata. Ya ɗago ya ce yana aiki.

Alhamdu lillahi. Abu a tsabtace.

Talata, 28 Janairu

Famfon hannun ya mutu. Wata 'yar roba ta tsage a ciki. Nusaiba ta rubuta wa mai sayarwa, an karanta, ba a amsa ba. Ta kira, ba ta shiga.

Juma'a, 31 Janairu

An kira Hakim Dumega, famfo ya faɗa rijiyar wata ƙungiyar mata, albasarsu na bushewa. Ya kai tulun wurin mai facin taya na bakin kasuwa, aka haɗa masa wani baki da tiyo, aka ɗura. Allurar ba ta bar ja ba. Mai faci ya ce allurar ce ta lalace, injinsa yana cika tayar tirela, balle wannan ɗan abu. Na ji wannan magana da kunnena da Hakim yake ba Luƙman labari, kuma ta yi mini daidai a hankali. Gobe za su tafi.

Asabar, 1 Fabrairu

Yana asibiti. Yana da rai.

Lahadi, 2 Fabrairu

Luƙman ya ba ni labari a bakin ɗakin, kansa a ƙasa. Hakim ya sauka, ya kai gindin rijiya, ya ja numfashi huɗu ko biyar, iskar ta ƙare. Bai firgita ba, ya saba. Ya riƙe numfashin da ke ƙirjinsa kamar kullum, ya ja igiya, Luƙman ya jawo shi da sauri. Da ya fito sai tari, da jini-jini a yawu, ya dafe ƙirji ya kasa miƙewa. A amalanken jaki suka kai shi bakin hanya.

Likita ya duba hoton ƙirji ya ce huhun ya ɗan tsage amma bai sace ba. Ya tambaya wa ya koya masa nutso da tulu. Ni na duba ƙasa.

Na yi wa Luƙman faɗa kan gaggawar jan igiya. Ya karɓi faɗan. Daga baya abin ya dame ni, don ban san ko laifinsa ne ba.

Alhamis, 6 Fabrairu

Mun dawo gida. Ba ruwa, ba ɗaukar nauyi, har wata biyu, sannan a sake hoto. Yana cin tuwo kaɗan. In ya yi tari ina jinsa daga madafa, sai in tsaya da muciya a hannu har ya gama.

Mata sun zo dubiya. Wata ta ce aljanar rijiyar ce ta taɓa shi. Na ce mata ta ji tsoron Allah, a gidana ba a wannan magana.

Laraba, 12 Fabrairu

Ma'azu ya zo. Ashe Hakim ya kira shi daga kan gado ban sani ba. Yana kan hanyarsa ta zuwa Lugu ganin danginsa, ya sauka nan Dutsi. Na so in ce ba na nan. Baƙo dai baƙo ne, na sa Nusaiba ta shimfiɗa tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofa.

Gajere ne, furfura, kunne ɗaya ba ya ji sosai. Layun suna nan, na gan su ta hannun riga. Ya gaishe ni yadda ya kamata, bai miƙo hannu ba. Ya karɓi tulun, ya buɗe, ya sansana, ya ba Nusaiba ta kawo mini. Warin baƙin mai. Ya ce injin faci ba ya cika ko kashi ɗaya cikin ashirin na tulun nan, allurar gaskiya ta faɗa. Na yi zaton nan zai fara gori. Sai ya juya wurin Hakim.

"Da kake tahowa sama, mi ka yi da numfashinka?"

"Na riƙe shi, Baba."

"To shi ya yanke ka, ba tulu ba. Wanda ya ja iska a sama ya nutsa, ya riƙe abinsa. Wanda ya sha ta tulu a ƙasa, tana kumbura a ƙirjinsa yana tahowa. Sai ya riƙa sakinta. Gwanintarka ta shekara huɗu ita za ta kashe ka. Kwana goman nan, ba koya maka nake ba, raba ka da ita nake."

Ya ce ya ciro mutum biyu a rayuwarsa da suka yi haka, duka gwanaye. Ya sha ruwa, ya ƙi tsayawa abinci, mota na jiransa.

Wannan magana ba ta cikin bidiyon. Wataƙila tana cikin takardar, da Sinanci.

Asabar, 15 Fabrairu

Na ce wa Hakim ya bar rijiya ya nemi teburi a kasuwa. Ya ce to, irin to ɗin babansa, Allah ya jiƙansa. Na san zai koma. Da tulu ko babu.

Lahadi, 9 Maris

Azumi. Likita ya ce zai iya. Tarin ya tafi. Na tambayi malaminmu, ban faɗi suna ba, ko ya halatta a koyi sana'a wurin wanda aƙidarsa ba ta da kyau. Ya ce sana'a daban, aƙida daban, in mutum zai tsare sallarsa. Na san amsar tun kafin in tambaya. Ni kaina na taɓa karantar da ita.

Litinin, 7 Afrilu

Hoto ya fito lafiya. Sun tafi Gaya shi da Luƙman, don tsohon ya ce mai igiya ma sai ya koya. Na kafa sharuɗɗa: salla a kan lokaci, ba cin naman da bai ga yankansa ba, in an watsa wani abu a ruwa ya kau da kai. Na cika musu buhu da gari da ƙuli-ƙuli yadda ba za su nemi na kowa ba. Ban raka su tasha ba.

Asabar, 12 Afrilu

Ya kira. Kwana biyar bai wuce ruwa iya wuya ba. Durƙusa, sha iska, taso kana huci, sake. Luƙman kuma ana koya masa jan igiya a hankali, yana ƙirga. Gidan tsohon yana kallon masallaci, wai wani lokaci tsohon yana shiga, wani lokaci ba ya shiga. Ban tambaya ba, shi ya faɗa.

Alhamis, 17 Afrilu

Kwana goma sun cika. Hakim ya kira da hantsi, ransa a ɓace. Tsohon ya rufe masa iska a ƙarƙashin ruwa ba sanarwa, don ya gani, shi kuwa ya rufe baki ya riƙe numfashi kamar da. An ce ba tulu, sai ya ƙara mako guda. Ga rijiyoyi uku suna jiransa a Dumega. Ya ce, "Inna, ki yi masa magana, ke yana jin nauyinki. Ko in dawo in sayo babba ta waya, yanzu ai na san kan abin."

Na ce ya ba tsohon wayar. Muka gaisa, sai da na ɗaga murya saboda kunnen. Na ce, "Malam Ma'azu, in mako ne mako, in wata ne wata. Kada ka sake shi sai ka yarda." Ya ce to, Hajiya. Hakim ya karɓi waya ya fara magana, na kashe.

Layun nan dai haram ne, kuma in ya sake biyowa ta Dutsi zan faɗa masa a fuskarsa. Bayan ya ci abinci.